Tsohuwar Waƙa a Sabon Zubi: Damagaram Tsakanin Kakaki da Fiyano

A ƙofar fadar Sarkin Damagaram, cikin unguwar Birni ta Zinder, har yau idan ranar Salla ta zo ana busa kakaki da algaita, ganguna na amsawa, kafin sarki ya fito. Tafiyar mintuna kaɗan daga nan, a unguwar Zango, samari na zaune a fadarsu ta bakin titi suna dafa shayi, wata ƙaramar lasifika tana fitar da waƙa daga wayar hannu. Sau da yawa amshin waƙar tsoho ne, irin wanda kakanninsu suka sani, amma an ɗora shi a kan bugun na'ura, an ƙara masa sauri, an kuma ja muryar mawaƙin har ta koma kamar ta ƙarfe. Dattijon da ya ratsa ta wurin zai iya cewa an ɓata waƙa. Saurayin da ya kunna ta zai ce ba don wannan zubi ba da shi da tsararrakinsa ba su taɓa jin ta ba.

Wannan saɓani ya fi ƙarfin bambancin ɗanɗano tsakanin tsoho da yaro. Tambaya ce game da mallaka: waƙa ta wane ce, ta wanda ya ƙage ta, ko ta wanda aka yi wa ita, ko kuwa ta mai sauraro? Tarihin Damagaram ya nuna cewa sake wa waƙa zubi ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Abin da na'ura ta kawo sabo shi ne ta raba waƙa da mai ita da kuma wurin da ake yin ta, kuma a nan ne gardamar masoya ta samo tushe.

Inda sana'ar ta fito

Abin da Turawa ke kira rimiks sana'a ce da ta tsiro a ɗakin ɗaukar sauti. Idan ana naɗar waƙa da na'urar zamani, ana ajiye murya a layi guda, ganga a nata, jita a nata. Wanda ya samu waɗannan layuka zai iya cire wani, ya ƙarfafa wani, ya maimaita gaɓa guda sau ashirin, ya fito da wata waƙa daga cikin ta farko ba tare da mawaƙin ya sake buɗe baki ba. Masu haɗa sauti na tsibirin Jamaika, irin su King Tubby, su suka fara mayar da wannan aiki fasaha mai zaman kanta a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970. A tsakiyar shekarun 1970 kuma, a birnin New York, Tom Moulton ya shahara da tsawaita waƙoƙi domin gidajen rawa.

Daga cikin waɗanda suka rungumi sana'ar da hannu biyu akwai makaɗan wani salo mai kaushi wanda ke haɗa jitar lantarki da ƙarar injuna irin ta masana'anta. Fitaccensu shi ne Trent Reznor, wanda ya kafa Nine Inch Nails a birnin Cleveland na Amurka a 1988. A 1992 ya fitar da faifan Fixed, a 1995 kuma Further Down the Spiral, dukansu tsofaffin waƙoƙinsa ne da aka wargaza aka sake ginawa. A 2005 ya saki layukan wata waƙarsa ga jama'a domin kowa ya sarrafa a kwamfutarsa, sannan a 2007 ya buɗe dandali na musamman a intanet inda masoya ke ajiye nasu zubin. Masoyan ba su taɓa zama baki ɗaya ba. Wasu na ganin sabon zubin ya fito da abin da ke ɓoye a cikin waƙar. Wasu na ganin an cire mata zafin rai an mayar da ita kayan rawa. Amma dukansu sun yarda da abu guda: akwai waƙar asali, tana nan a faifai, da ita ake auna sauran. A Damagaram, wannan tunani na asali guda ɗaya shi kansa baƙo ne da ya shigo daga baya.

Fada ma da aro ta ginu

An kafa sarautar Damagaram a shekarun 1730 a hannun Malam Yunus, tana ƙarƙashin inuwar Barno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mayar da Zinder mazaunin sarauta, amma a zamanin Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi doguwar sarautarsa ta biyu daga 1851 zuwa 1884, garin ya kai ƙololuwa. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa, ya kuma ƙarfafa fataucin da ke haɗa Kano da Agadas da Tarabulus. Garin da ayari ke sauka a cikinsa daga kowace kusurwa ba ya rayuwa da sauti guda. Barebari da Hausawa da Buzaye da Fulani da Larabawan fatake duk sun zauna a Zinder, kowa da kiɗansa.

Kayan kiɗan fadar kansu shaida ne. Algaita, da sunanta da ƙirarta, dangin busar Arewacin Afirka ce. Kakaki kuwa, littafin tarihin Kano ya danganta shigowarsa can da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, wato shi ma an taɓa ganin sa sabon abu. Sarautun fada irin su Ciroma da Kaigama daga Barno suka zo, waƙoƙin yabo kuwa akasarinsu da Hausa ake yi. Abin da a yau ake kira gargajiya tsantsa, gauraye ne da aka daɗe ana dama shi har ya zauna.

Haka ma aikin makaɗin fada. Ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Yana da amshi da 'yan amshinsa suka riƙe, yana da kirarin gidan sarauta da ya gada, a kansu yake ɗora sababbin ɗiya gwargwadon wanda ke zaune a gabansa da abin da ya faru a makon. Idan sarki ya rasu, ba a binne waƙoƙinsa tare da shi. A kan ɗauki tsohon gini a sa sunan magaji, a ƙara nasa tarihin. Ɗan makaɗi yana koyo ne ta hanyar maimaita na ubansa har ranar da zai fara lanƙwasa shi. Ko da Faransawa suka ci garin a watan Yuli na 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a zamanin Amadu Kuran Daga, suka kuma mayar da Zinder babban birnin yankin daga 1911 zuwa 1926, wannan hanya ba ta yanke ba. Mawaƙa irin su Ma'azu Ɗan Alalo, wanda sunansa ya haɗe da na Damagaram a ƙarni na 20, sun ci gaba da zuba labarin sabon zamani a cikin tsohon mazubi.

Sai dai wannan sakewa tana da sharuɗɗa. Mai yin ta ɗan gado ne ko almajirin ɗan gado. Yana yin ta a gaban wanda ake wa waƙar, a idon jama'ar da za su iya tsawata masa idan ya kauce. Kuma wasu kayan kiɗa, kamar kakaki da tambari, ba a taɓa su sai domin sarki.

Yadda faifai ya haifi asali

Na'urar naɗar sauti ce ta fara sauya lamarin. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, wanda daga 1974 aka san shi da Muryar Sahel, kuma ma'aikatansa da masu bincike na waje sun bi garuruwa suna ɗaukar makaɗa. Abin da makaɗi ya rera wata rana guda, a gaban makirufo, cikin 'yan mintunan da zaren naɗi ya ba shi, shi ne aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Masu sauraro suka haddace shi har da inda ya ja numfashi. Da kaset ya yawaita a kasuwanni a shekarun 1970 da 1980, wannan rerawa guda ta shiga shaguna da motocin haya da ɗakunan mata, ta zama ita ce waƙar.

Nan ne aka samu wani juyi mai ban mamaki. Makaɗin da a da ake yaba masa saboda kullum yana zuwa da sabo, yanzu ana iya ce masa bai yi ta daidai ba, don ba haka take a kaset ba. Asalin da masu kishin gargajiya ke karewa a yau, a mafi yawan lokuta, ba muryar zamanin Tanimun ba ce; muryar rana ɗaya ce da na'ura ta kama ta daskarar. Na'urar da ake zargi da ɓata waƙa ita ce tun farko ta samar da ma'aunin da ake zargin ta da shi.

Zamanin samariya da makaɗan lantarki

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta kuma kafa bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara yi a Zinder a 1976. Kowace jiha sai ta zo da 'yan rawa da mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo su yi gasa. Domin a cika ƙa'idar dandali, dole aka gajarta waƙoƙin gada da na noma da na biki, aka tsara musu farko da ƙarshe, aka sauya musu kalmomi su dace da kiran haɗin kai da aikin gayya. Wannan ma sake zubi ne, amma na hukuma, kuma jama'a sun karɓe shi da tafi saboda kowa na son jiharsa ta ci. Daga baya gasar Ɗan Gurmu, wadda aka sa wa sunan shahararren makaɗin Tawa, ta ba ƙungiyoyin kiɗan zamani fili, su kuma suka yi ta ɗebo karin gargajiya suna ɗorawa a kan jita da gangunan Turawa. Sa'adu Bori na Maraɗi ya kai har ga kiɗan bori, kamar yadda ake ji a faifan Niamey Twice da suka fitar tare da Musa Pusi a 1994.

A cikin wannan zamani ne wani mutum guda ya yi abin da ya fi kusa da rimiks na lantarki. Mamman Sani Abdullahi ya samu wata fiyano mai aiki da wuta ƙirar Italiya, ya zauna a Yamai yana mayar da karin waƙoƙin makiyaya da na Buzaye zuwa sautinta. A 1978 ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon ƙasa. Kaset ɗin bai yaɗu ba, amma rediyo da talabijin suka riƙa sa kiɗan a tsakanin shirye-shirye, har ya zauna a kunnen 'yan Nijar daga Yamai zuwa Zinder, da yawansu ba tare da sun san sunan mai shi ba. Ba a tayar masa da ƙura ba. Dalilin a fili yake: kiɗa ne zalla, babu kalma, babu sunan kowa, babu kirarin gidan da za a ce an taɓa. Sai a 2013, da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi, duniya ta san da shi.

Iskar Kano da wayar hannu

Yamai na nesa da Zinder da kusan kilomita 900, Kano kuwa ba ta wuce 240 ba. Saboda haka kunnen Damagaram ya fi karkata kudu. A ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa na Kano suka mamaye gidajen kallo da ɗakuna, tare da kiɗan da mutum guda ke haɗawa a kan fiyano ƙirar Yamaha. Fim ɗin Sangaya na daga cikin waɗanda suka nuna cewa wannan akwati zai iya kwaikwayon sarewa da kalangu har jama'a su yi rawa. Tun kafin nan ma, a Kano, masu bege irin su Ushaƙu Indiya sun riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna sa masa yabon Annabi, malamai da masu sauraro suka rabu a kan halascin hakan. A daidai wannan lokaci gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani, suka buɗe a Nijar bayan taron ƙasa na 1991, 'yan rap irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney suka fito suna tsoma tsofaffin sautuka a cikin bugunsu.

Sai kuma manhajar Auto-Tune, wadda aka fitar a Amurka a 1997 domin gyara kuskuren murya, ta iso ɗakunan naɗi na ƙasar Hausa a shekarun 2000 ta zama ado. Misalin Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine, ya nuna yadda abin ke zagayawa. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa da salon Kano, da gangar na'ura da muryar da aka ja. Ba a sayar da faifan a kanti ba; daga waya zuwa waya ya bi ta katin ajiya da bulutut har ya ƙetare iyakoki. Wata waƙa daga ciki ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones, daga nan sunansa ya isa Turai da Amurka, inda ya yi fice da jita mai ƙara, ba da muryar na'ura ba. Hama, wani makaɗin Yamai mai fiyano, shi ma ta katin waya kiɗansa ya yaɗu kafin a buga masa faifan Torodi a 2015.

Da wannan mataki sharuɗɗan nan uku na dā suka faɗi gaba ɗaya. Mai sake zubi ba sai ɗan gado ba. Ba sai ya tsaya gaban kowa ba. Kuma sautin kakaki, wanda a dā sai sarki, yanzu guntun fayil ne da yaro zai iya liƙawa a farkon waƙar soyayya.

Abin da kunne ke yafewa da wanda ba ya yafewa

Idan aka dubi yadda aka karɓi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa masu sauraron Hausa ba su cika faɗa a kan kayan kiɗa ba. Sun karɓi jita, sun karɓi fiyano, kamar yadda kakanninsu suka karɓi algaita. Inda jijiyar wuya ke tashi shi ne a kan magana.

Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya na rarrabe ma'ana. Kalangu da kakaki ba ƙara kawai suke yi ba, magana suke yi. Kakaki da sautinsa biyu, na sama da na ƙasa, yake bin karin kirarin sarki, wanda ya san fada kuma yana jin kalmomin a cikin busar. Taken mutum sunansa ne a bakin ganga. Mai haɗa sauti idan ya yanko rabin take ya maimaita shi domin ya dace da bugu huɗu-huɗu na gidan rawa, a kunnensa ya samu gaɓa mai daɗi, a kunnen dattijo kuwa an yanke magana a tsakiya. Haka manhajar gyaran murya, wadda ke tilasta wa kowane sauti ya hau matakala mafi kusa a tsanin kiɗan Turawa, takan goge lanƙwasar da makaɗi ke yi tsakanin matakalu, alhali a nan ne gwanintarsa take.

A nan bambancin yake da masoyan Nine Inch Nails. Su, idan an cire kalmomi an bar kalma biyu tana yawo cikin ƙara, abin da suke tambaya shi ne ko yanayin waƙar ya tsira. A Damagaram kuwa waƙar yabo takardar tarihi ce: tana ɗauke da jerin sarakuna, da sunayen garuruwan da aka ci, da zambon da aka yi wa abokin hamayya. Wanda ya datse ta ya taɓa mutuncin wani gida. Shi ya sa waƙar biki ko ta gada ke wucewa cikin sabon zubi ba tare da ƙorafi mai yawa ba, amma ta fada da ta bege sai an yi taka-tsantsan.

Su ma matasan suna da hujja mai nauyi. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma 'ya'yan makaɗa da dama sun bar gado sun kama wata sana'a. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi yawan ƙuruciya a duniya, kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba. Waƙar da ba ta shiga waya ba, ga waɗannan, tamkar ba a taɓa yin ta ba. Kuma Zinder gari ne da ya san darajar kwaikwayo: a wasan kara, matasa kan yi shigar manya da masu mulki da kayan karan dawa, jama'a su yi dariya, babu wanda ke cewa an rushe sarauta. Kwaikwayon da aka san kwaikwayo ne ba ya cin asali.

Sunan mai waƙa

Saura batun haƙƙi. A tsarin dā, makaɗi na samun ladansa nan take: doki, riga, hatsi, kuɗin da aka liƙa masa a goshi. Waƙar da ke yawo a katin waya ba ta komawa da ko dala ga iyalan wanda ya ƙage ta, duk da cewa Nijar na da hukumar kare haƙƙin mawallafa tun shekarun 1990. Mafi muni, takan yi yawo babu suna, ko da sunan wanda ya ɗora mata bugu. Trent Reznor shi da kansa ya miƙa layukan waƙarsa, sunansa kuma na manne da kowane zubi. Makaɗin Damagaram da aka naɗa shekaru hamsin da suka wuce ba a tambaye shi ba, kuma ba ya nan balle ya ce ya yarda.

Tsohon tsarin fada yana da maganin wannan, tun kafin a san dokar haƙƙin mallaka. Makaɗi kan buɗe waƙa da ambaton ubangidansa da wanda ya koya masa. Ta haka waƙa ke sauya riga ba tare da ta mance gidansu ba. Mai haɗa sauti a Zango ko Sabon Gari da zai ɗauki amshin Ɗan Alalo ya faɗi na wane ne, ya bar kirarin ya kai ƙarshensa kafin bugu ya shigo, bai kauce wa gado ba. Aikin da makaɗan Birni suka yi tun zamanin Tanimun shi yake yi, sai dai da wani kayan aiki. Wanda kuwa ya yanke sunan ya bar sautin, shi ne dattijon da ya ratsa ta gaban fadar samari ke nufi idan ya ce an ɓata waƙa.